Hanyar Gidan Gauraka

Zanen yara ne ya kashe maganar auren Malama, kuma da hannunta ta manna shi a bango.

Tana goge allo bayan an tashi saurayinta ya shigo, ko sallama babu. Takalminsa duk taɓo, rigarsa ta ma'aikatan gandun daji ta jiƙe da gumi. Dogo take ce masa, tun ranar da ya fara zuwa yi wa yara bayani ya gwara kansa da ƙofar aji.

Ya ajiye igiyar tarko a kan teburinta, da gashin tsuntsu a maƙale.

"An kama macen."

Tsumman goge allon ya faɗi daga hannunta.

"Wace macen?..."

"Kin sani."

Ta sani kuwa. Gauraki biyu ne suka rage a duk fadamar da yake gadi, mace da namiji, kuma macen tana kwance kan ƙwai. Wani saurayin turare yake kai wa budurwa. Shi Dogo da ya tashi nuna mata so, cikin ruwa ya ja ta har gwiwa, ya ɗaga ciyawa ya ce, "Duba. Ban taɓa nuna wa kowa ba."

Ita kuma a lokacin ta gaji. Ajinta bango biyu ne: na hagu hotunan dabbobin da suka ƙare a duniya, na dama waɗanda suka kusa ƙarewa. Ta yi ta magana har muryarta ta dushe, yara na hamma. In ta nuna wata dabba, tambayar ɗaya ce: "Malama, ana ci?" Ranar da ta nuna gauraka wata yarinya ta ce, "Malama, wannan ƙarya ne, babu tsuntsu mai hula." Aji ya kwashe da dariya.

Shi ne ta tasa Dogo a gaba.

"Sau ɗaya tak, Dogona. Su gani da idonsu."

"A'a."

"Haba sanyin idona..."

"An hana shiga wurin nan. Aikina kike so in rasa?"

"Wanda bai ga abu ba, ta yaya zai ji tausayinsa? Na gaji da koyar da takarda!"

Daga ƙarshe ya yarda. Namiji dai in yana so ba shi da wayo.

"To. Amma kada bakin kowa ya faɗi wurin."

Yaran sun ga gauraka. Sun yi tsit, abin da ba su taɓa yi mata ba. Mai cewa ƙarya ne har da hawaye. Kuma sun riƙe alkawari, babu wanda ya faɗa ko a gida.

Sai dai Malama malama ce. Duk fitar da aka yi da yara, washegari sai an ba su aiki. Ta ce kowa ya zana abin da ya gani, tun daga ƙofar makaranta har inda aka je. Suka zana karyayyar gada. Suka zana tsohon injin ban ruwa, da busasshiyar bishiyar da ake karkata hagu a gindinta. Ta ji daɗi, ta manna su reras.

Fensiran kalar ma kyauta ce daga ɗan kawunta, Yaya Mai Keji, wanda yake sayar wa masu hali tsuntsayen ado. Ya daɗe yana sonta, Inna kuma shi take so. Ya zo ganin abin da aka yi da kyautarsa, ya tsaya gaban bangon, hannu a baya.

"Kai, ƙanwata, yaran nan sun iya! Wannan gadar nan ce da ta karye?"

"Ita ce, Yaya," ta ce, har tana murmushi.

Yanzu ga Dogo tsaye daidai inda Yayan ya tsaya. Ya bi zanen da yatsa, daga gada zuwa inji, daga inji zuwa bishiya.

"Ko makaho aka karanta wa wannan, zai je."

"Wallahi ban yi tunani ba..."

"Na sani."

"Ka yi min faɗa mana! Ka zage ni!"

"Ba ni da ƙarfin faɗa, Malama. Ƙwan sun yi sanyi. Namijin yana can yana ta kira tun safe."

Malama ya ce mata. Ba "'yar allona" ba, yadda ya saba.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi shagon Yayan. Warin kashin tsuntsu ya tare ta tun daga ƙofa. Aku na ihu, kanari na tsalle a keji.

"Ina take?"

"Wa? Ki zauna mana, amarya."

"Yaya, kada ka raina min hankali! Ina gaurakar?"

Ya ci gaba da zuba wa kanari tsaba.

"Ta yi gaba. Tana wani gida mai ciyawa da famfo, ta fi ki jin daɗi."

"Ka dawo da ita!"

"Ta yi me? An yanke fiffiken. Ko kin kai ta fadama, kare ne zai cinye." Ya juyo. "Ni ban shiga ajinki da dabara ba. Ke kika ce in duba."

Ƙarya yake, amma ba duka ba.

A gida Inna tana ninke wanki, ko kai ba ta ɗaga ba.

"A kan tsuntsu kike wannan kukan? Dama na gaya miki, mutumin da aikinsa gadin tsuntsu, da me zai riƙe ki? Ga ɗan'uwanki mai shago."

"Inna, ko maza sun ƙare ba zan aure shi ba."

"Sai ki manna su a bangon naki."

Da aka kira Dogo ofis, bai ambaci sunanta ba. Ya ce shi ya kai yara inda aka hana, shi kaɗai. Suka karɓi rigar da takalmin.

Ya zo mata sallama da jaka a kafaɗa. Ya samu aikin gadi a wani kamfanin katako, can nesa.

"Katako, Dogo? Kai?"

"Ciki ba ya tambaya."

"Ka tafi da ni. Zan bar koyarwar, wallahi zan bari..."

"Kada ki bari. Yaran nan sun yi shiru ranar, na gani." Ya gyara jakar. "Ban tsane ki ba, 'yar allona. Amma duk na dube ki, kiran namijin nan nake ji. Ba zan iya kwana da tashi da shi ba."

Ya sunkuya a ƙofa, wannan karon bai gwara kansa ba.

Bayan kwanaki namijin ma ya daina kira. Babu wanda ya san inda ya yi.

Malama ba ta auri Yayan ba, ba ta auri kowa ba. Ta cire zanen yaran ta ƙone. Da safe yarinyar nan da ta ce ƙarya ne ta ɗaga hannu.

"Malama, yaushe za mu koma wurin mai hula?"

Malama ta dubi hoton gauraka a bangon dama. A wasu wuraren akwai saura, ta sani. A nasu babu. Ta ɓamɓare shi a hankali don kada ya yage, ta tsallaka ajin, ta manna shi a hagu.

"Ku buɗe littafi," ta ce.