Mai Turanci da Motar Tumatir

A wani gari da sunansa ya ɓace mini, an yi wani mutum da ya je birni ya dawo da kalmar Turanci ɗaya tak, yana ta neman inda zai baje ta.

Ran nan ya shiga motar kasuwa tare da mata masu tumatir. Ba a yi nisa ba, mota ta kafe a taɓo. Ga rana ta take, tumatir ya soma laushi.

Direba ya ce, "Jama'a, a sauko a tura!"

Mutumin ya yi wuf ya haye dutse. "Ku dakata! Wannan da Turanci fush ake cewa."

Wata tsohuwa ta yi ɗamara ta ce, "To ɗan nan, kama nan mu fush ɗin."

"Ku dakata, Iya, ban gama ba. Asalinta wurin Faransawa aka aro ta."

Mata suka tura, mota ta motsa, ta koma.

Suka ce, "Malam, hannu ɗaya ya rage!"

"Ku dakata, ban gama ba. Ana fush ɗin ƙofa, ana fush ɗin amalanke."

Mata suka yi bisimilla suka sake dannawa. Mota ta fita, suka ɗare, direba kuwa ya ƙi taka birki don kada ya sake kafewa.

Mutumin ya diro ya bi su a guje, takalmi a hannu.

Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, shi gudu yaya sunansa da Turanci?"