Gurasar Cuku Irin ta Umma

A wani gari can da daɗewa, an yi wani mutum da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Yarinyar ta ƙi cin komai, ta ce ita sai 'yar gurasar cuku mai kumburi irin ta Ummanta.

Uban ya kwaɓa fulawa da ragowar cukun da marigayiya ta bari. Ya jera a tukunya, ya rufe, ya zuba garwashi bisa murfi. Bai jima ba ya ɗaga ya leƙa, sai gurasa ta lotse. Ya sake jera wata, ya sake leƙawa, ta sake lotsewa.

Ya yi tsaki ya ce, "Kai, wannan wace irin jaraba ce! Ga shi ƙullin ya kusa ƙarewa!"

Yarinyar ta ce, "Baba, ai Umma ba ta leƙawa. Kitso take yi mini har ƙanshi ya tashi."

Ya jera ta ƙarshe, ya zauna yana yi mata kitso yana mita, hannunsa na ƙaiƙayin ɗaga murfi. Can sai ƙanshi ya cika gida. Da ya buɗe, ga gurasa ta kumbura sumul.

Yarinyar ta ci ta ƙoshi, ta shafa kanta ta ce, "Gurasar ta Umma ce, Baba. Amma kitson, a kai ni wajen Gwaggo."