Mai Hawa Ake Ba Hanya

Na gaji da masu cewa mutuwa a hanyar nan abu ne da aka saba. Kowace bazara sai ƙishirwa ta kashe wani a kwazazzabon nan na jihar Yuta a Amurka, shi ya sa nake tare masu sauka babu ruwa.

Magariba ta riske ni ina hawowa, ina riƙe da sarƙar jikin dutsen, a damana rami ne da ba a ganin ƙarshensa. Sai ga wani tsoho yana saukowa, ba gora, leɓɓansa a tsattsage. Takalminsa ba ya motsa tsakuwa.

"Baba, kashe kanka za ka yi? Koma!"

"Mai hawa ake ba hanya, 'yata," ya ce, muryarsa kamar daga rijiya.

Hanyar faɗin mutum ɗaya ce. Ya matsa wajen ramin, ya tsaya inda babu ƙasa, yana jira in wuce.