Jaki Bisa Amalanke

A wani ƙauye can bisa duwatsu, an yi wani manomi da ya sayi sabuwar amalanke, yana ji da ita kamar jaririya. Da sanyi ya ƙarato, sai ya shigar da ita rumfar jakinsa, ya lulluɓe ta da bargo, ya ɗaure jakin a fili.

Matarsa ta ce, "Maigida, jakin fa?"

Ya ce, "Ai yana da gashi."

Kashegari ta ce, "Maigida, jakin nan rawar ɗari yake."

Ya ce, "Ai yana da gashi."

Ran nan aka wayi gari jaki na kwance yana tari, ga shi da shi suke ci. Hankalin manomi ya tashi. Ya naɗe shi da bargon, maƙwabta suka taya shi ɗora shi bisa amalanke. Da kansa ya ja ta zuwa garin mai maganin dabbobi, yana haki.

A hanya wata tsohuwa ta rusuna wa jakin, ta ce, "Ranka ya daɗe, a dai riƙa ba dabbar taka ruwa."

Jaki ya warke, ya koma rumfarsa. Amalanke kuwa ta ƙare sanyin a fili, ko tari ba ta yi ba.