Ɗalibin Farfesa Pyo

"Ku yi sauri mana! Kabejin nan ba zai wanke kansa ba!"

Madam Ok ce ke ɗaga murya daga bakin kicin. Ranar haɗa kimchi ce, wato kabejin da ake tsimawa da barkono da gishiri don hunturu, kuma kamar kowace shekara mijinta, Farfesa Pyo, ya turo ɗalibansa na jami'a su yi aikin gidan. Wa ya isa ya ce a'a? Digirinka da aikin da za ka samu duk suna tafin hannunsa.

Tae-rim na durƙushe gaban baho, barkono ya ci masa hannu har gwiwa. Shi ne ya fi kowa kai a sashen nazarin cututtukan itatuwa, ɗan wani manomi daga Naju. Da-on, 'yar autar gidan, ta waiga hagu da dama, ta naɗe ganye ɗaya ta kai bakinsa.

"Ɗanɗana, Yaya. Gishirin ya ji?"

"Da-on!" Uwar ta saki ludayi. "Baban Da-on, fito ka ga abin da ake yi a gidanka!"

Farfesa ya fito, ya dubi 'yarsa, ya dubi yaron. A gaban sauran ɗalibai ya sa Tae-rim ya durƙusa a kan siminti.

"Ni na tsamo ka daga taki da laka, shi ne za ka miƙa hannu cikin tukunyata? Zaɓi ɗaya: ko ita, ko digiri."

"Ranka ya daɗe, ban yi don raini ba. Sonta nake yi, da aure."

"Aure!" Madam Ok ta tafa hannu tana dariya. "A ina za ka ajiye ta? A rumbun ubanka?"

Kafin mako ya zagayo, binciken da Tae-rim ya ƙare ƙuruciyarsa a kai an miƙa wa wani ɗalibi, an goge sunansa. Abokan da suke cin taliya tare suka koma sauya hanya in sun hango shi. Duk kamfanin da ya je intabiyu, sai a yi masa murmushi a ce, "Mun ji labarinka. An ce ba ka da biyayya." Farfesa ya riga shi zuwa ta waya.

Ita kuwa Da-on ta sha mari, an ƙwace wayarta. Da ƙyar suka haɗu a tashar bas, duk ya rame.

"Ki rabu da ni kawai. Na zama ba kowa ba."

"Kai, Yaya, ka ban kunya!" Hawaye na zuba take magana. "Ni ina shan duka saboda kai, kai kuma kana neman hanyar gudu? Zan gama karatun koyarwata, zan jira. In ka faɗi, ka kunyata mu duka."

Akwai wata malama a sashen, Malama Bong, wadda Farfesa ya daɗe da dannewa. Ofishinta ɗan ƙuƙut ne kusa da banɗaki. Ita ta kira shi.

"Kada ka yi mini kuka, ba don tausayi na ɗauke ka ba. Daga farko za ka soma. Ka iya?"

"Zan iya, Malama."

Ba ta raga masa ba ko kaɗan. Ta riƙa jan sa gonaki cikin sanyi, ta tsayar da shi gaban manoma ya yi bayani.

"Wannan lakca ce ko addu'ar biso? Ɗaga kai! Ilimin da tsohon nan bai gane ba, ba ilimi ba ne, surutu ne."

In ya kawo rubutu, ta yi masa ja-ja-wur da biro ta mayar. In ya yi daidai, ta saya masa miya mai zafi.

Ana cikin haka mahaifinsa ya rasu, bai ga ɗansa da hular kammala karatu ba. Daga sashen kaf, Malama Bong kaɗai ta zo gaisuwa. Da-on ta sato jiki ta biyo jirgin ƙasa, ta yini tana raba wa baƙi abinci kamar surukar gida. Da ta koma, ta tarar da akwatinta a bakin ƙofa.

"Tunda kin zaɓi gidan makoki, koma can," in ji ubanta, ya rufe.

Sai da shekaru suka shuɗe kafin Tae-rim ya gama. Wata cibiyar binciken gona a kudu ta kira shi, domin manoman da ya yi wa aiki sun yi ta ambaton sunansa, Malama Bong kuma ta je da ƙafarta ta tsaya masa. Da-on ta samu koyarwa a garin. Ranar aurensu kujerun iyayen amarya babu kowa.

Da Farfesa Pyo ya yi ritaya, ya kama babban ɗakin cin abinci don liyafa, yana jiran ɗaliban da ya yaye. Wannan ya ce aiki, wancan ya ce rashin lafiya. Abinci ya huce a kan tebura, Madam Ok na ta leƙen ƙofa.

Sai ga Da-on da jariri a kafaɗa, Tae-rim na biye. Ya zube ya yi gaisuwa, goshi har ƙasa.

"Me ya kawo ka? Dariya ka zo yi?" in ji tsohon.

"A hannunka na fara koyon aikin da nake ci da shi, Baba. Kuma kai ne kakan yaron nan."

Farfesa ya daɗe yana kallon kujerun da babu kowa a kansu. Sannan ya jawo ta kusa da shi.

"Zauna... surukina."

Madam Ok ta karɓi jikanta ta fashe da kuka.

Wanda ya riƙe na ƙasa da shi da tsoro, ranar da ƙarfi ya ƙare shi kaɗai zai zauna. Malamin kirki hanya yake buɗewa, ba ya tsare ƙofa. Mai haƙuri kuwa, komai nisan dare, gari zai waye masa.