Takabar Timiro

Guled Hirsi, mai shagon aika kuɗi a unguwarmu Footscray, nan ƙasar waje, ɓarawon suna ne. Ni Timiro na faɗa, maƙwabciyata ta rubuta.

Wata ranar Litinin banki ya ƙi katina. Wai gwamnati ta rufe asusuna, wai na aika dala dubu tara ta shagon Guled ga wani da ke jerin masu ciyar da 'yan bindigar da suka tarwatsa zaman sulhu a can ƙasarmu. Da asusun nan nake biya wa ƙanwata Ruun wankin ƙoda a Mogadishu.

Sufeto Petrakis ta zo da tafinta.

"Kin san mutumin?"

"Ko ubansa ban sani ba."

"Ga sa hannunki."

"Yarinya, ban taɓa riƙe biro ba. Yatsa nake dangwalawa."

Ta nufi shagon, na bi ta. Guled ya taso yana washe baki.

"Goggo da ƙafarta ta zo, ranki ya daɗe. Sau uku. Har shayi na ba ta. Tsufa ne, ta manta."

"Kyamararka fa?"

"Ta lalace."

Sufeto ta karanto ranakun: huɗu ga Mayu, goma ga Yuni, biyu ga Yuli.

Na ce, "Mijina ya rasu ashirin ga Afrilu."

Ba ta gane ba, sai da tafinta ya yi mata bayani. Takaba. Wata huɗu da kwana goma ban taka titi ba. Shi kuwa Guled, faranti biyu na shinkafa ya ci a zaman makokin.

Kwana biyu Sufeto tana bin ƙofofin benenmu. Mata goma sha ɗaya suka shaida su ke yi mini cefane. Ta koma shagon, na sake bin ta.

"Ka san tana takaba?"

Ya yi ta kallon takalminsa. "Shi ya sa na ɗauki sunanta. Ba ta fita, ba ta karatu. 'Yan bindigar sun ce in ban aika ba za su ƙona shagon yayana a can gida."

"Sai ka ƙona ni," na ce. "Tir da gemunka."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota.

"Asusuna fa?"

"Wannan wani ofishi ne daban, Mama."

Yau sati shida. Ruun ta rasa wanki huɗu, ƙafafunta sun kumbura. Wanda ya rufe asusuna bai taɓa ganin fuskata ba, yana da suna, yana da kujera. Ya fito ya gaya mini ranar da zai buɗe, kuma wa zai amsa idan ta mutu kafin nan.