Baƙin Ƙunshi a Kayan Gaisuwa

"Tuf! A'uzu billahi! Wanga ba abinci ba na... asiri na!"

Muryar Kaka Mairo ce ta tsaga gidan. Munawwara na ƙuryar ɗaki lulluɓe da mayafi, kamar yadda ya kamaci yarinyar da aka kawo kayan gaisuwar iyayenta.

Ta leƙa ta gefen labule.

Matan gidan su Abdurazak, saurayinta, ba su jima da fita ba, ko ƙamshin turarensu bai bar tsakar gida ba. Ga kaya nan a kan tabarma, goro da dabino da alewa da kwalaben turare. A tsakiyarsu kuwa ga wani ɗan ƙunshi, an naɗe shi da ƙyallen atamfa an ɗaure da baƙin zare. Abin da ke ciki baƙi ne, dunƙulalle, da fari-fari a jikinsa kamar an barbaɗa toka. Ita kuwa Kaka, da yake ba ta iya ganin abu ba ta kai shi baki ba, har ta riga ta gutsira.

"Ɗaci awa maɗaci! Arzika, taho ka gani! Tun ba a je ko'ina ba za su mallake muna ɗiya!"

Baba Arzika, mahaifin Munawwara, ya fito daga turakarsa yana gyara hula. Shekara talatin yana sayar da goro a kasuwar Malanville ta ƙasar Benin, mutum ne mai sanyin hali, amma in uwarsa ta ce fari ba ya cewa baƙi. Ya dubi ƙunshin daga tsaye, bai taɓa ba.

"Inna, a bi a hankali..."

"Hankalin mi? Ita ɗiyar gwaggon yaron, Zuwaira, da za su hita ta ja ni gehe, tac ce in duba kayan da kyau, ita dai ta hita haƙƙinmu. Jininshi ta hwa! In kunne ya ji, jiki ya tsira."

Baba ya sake duban ƙunshin. Can ya nisa.

"To. In anka yi la'asar, Ɗan'iya shi kwashe kayan shi maida musu."

Ɗan'iya ƙaninsa ne, kuma maida kayan gaisuwa kowa ya san abin da yake nufi. Magana ta mutu ke nan, ba ta kuma tashi.

Munawwara ta toshe bakinta da mayafi. Ta so ta fito ta yi ihu ta ce ƙarya ne, amma ina! Budurwa ba ta buɗe baki ta kare saurayi a gaban ubanta. Abin da ya fi yi mata ciwo ma shi ne, ita kanta sai da ta ɗan yi kokwanto. Ƙyalle... baƙin zare... Abdurazak ɗinta?

Sai iska ta kaɗa labulen.

Ta tsaya cak da hawaye a kumatu. Hancinta na mai gasa gato, wato kek, ba ya yi mata ƙarya. Wannan ƙamshin ta san shi!

Gato ne ya haɗa su tun farko. Tun bayan rasuwar mahaifiyarta take gasawa a rabin duro, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, kuma duk wanda ya ci nata ba ya yi wa na wani kallo biyu. Abdurazak, mai butik, wato kanti, a hanyar duwan ta 'yan kwastan, ya ci yanka ɗaya a wani suna, shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Sati biyu yana bin kasuwa layi-layi yana ɗanɗana na kowa, ya ci mai tauri, ya ci ƙonanne, har wani mai kanwa sai da ya haɗiye don kada mai shi ta ji kunya. Ranar da ya iso teburinta ya gutsira, sai ya ware ido.

"Ke ta! Wallahi ke ta!"

"Ni ta mi, bawan Allah?"

"Wadda ni ka nema."

Gaton yake nufi, in ji shi. Har yau ba ta yarda ba.

Watan da ya wuce kuwa, da ya dawo sarin kaya daga Kwatano, ya ce ta same shi a bakin kogi da yamma. Ta tarar da shi a gindin bishiya kusa da inda mata ke wanki, rungume da 'yar kula cike da ƙanƙara, don a zafin Malanville shokola, wadda mutanen Najeriya ke ce wa cakulan, ba ta kai tsawon alwala ba ta narke ba. Ga gadar Gaya can, motocin albasa sun yi layi a kanta. Ga kwale-kwale na yanka ruwa a hankali, ga gonakin shinkafa kore shar, balbelu na sauka suna tashi. A garin aka haife ta, amma ranar ce ta fara zama ta kalli kogin don kallo kawai.

Ya ba ta fara, ta ce zaƙin ya yi yawa. Ya ba ta mai madara da gyaɗa, ta lumshe ido ta ƙi magana, har ya yi dariya ya ce ya gane. Sannan ya ɓallo mata wata baƙa.

Da ƙyar ta haɗiye.

"Kai! Wanga ai sai tsoho mai bakin goro! Ina sukarin yat tahi?"

"Ashe?" ya ce, yana wani murmushi. "Ya jikin Baba?"

Nan ta ba shi labarin da ba ta taɓa ba kowa ba. Shekara uku ke nan da likita ya hana Baba zaƙi saboda ciwon suga. Kullum in tana gashi sai ya zo wucewa ta gaban duron, ya rage tafiya, ya shaƙi ƙamshin, ya ce "Allah shi yi albarka," ya wuce. Duk garin na cin na hannunta, ban da mutumin da ta fi so ya ci.

Yanzu, a bayan labule, ta share hawayenta. Ta jera gaton da wata mai biki ta ba ta aiki a faranti, ta ce da Kaka za ta kai. Tana fita ta kira shi a salula, ta tare kabu-kabu.

Ya riga ta isa gindin bishiyar, fuskarsa wasai, shi a tunaninsa albishir ne.

"Mai gato tawa... Baba ya ji daɗi?"

"Mi kas sa cikin kayanka?"

Murmushin ya gudu. Ta zayyana masa komai, ƙyallen, zaren, tokar, la'asar. Yana ji yana komawa baya har ya zauna a kan saiwar bishiyar.

"Kin yarda?" ya tambaya a hankali.

Ta sunkuyar da kai.

"Na ɗan lokaci kaɗan... ka yahe mini."

Ya kawar da kai ya dubi ruwa.

"Baƙar nan ta, Nawwara. Wadda kinka ce sai tsoho mai bakin goro. Na tambayi likitan Baba da kaina, yac ce ɗan kaɗan ba laihi, da nik koma Kwatano nis sayo mishi. Na so yau, ranar da anka kawo gaisuwata, shi ma shi sa wani abu baki. Cikin takardarta mai kyau take, tun jiya nib ba Zuwaira ita cikin ƙanƙara, nic ce ta hwaɗa musu ta Baba ta."

"To, tokar hwa?"

"In ta narke a rana anka sake maida ta firigo ta daskare, haka take hitowa da hwari-hwari."

Munawwara ta rufe fuska ta fashe da kuka. Ita da ake shirin raba ta da shi kan zargin asiri, ashe ubanta ya ɗauko wa tsaraba tun daga bakin teku.

"Kar ki yi kuka, hasken idona. Bari in je in gan shi."

"Kaka ko zaure ba ta barin ka shiga. Akwai saura a butik?"

"Guda ɗaya."

"Ba ni."

Ana kiran la'asar ta shigo gida. Baffa Ɗan'iya har ya fara ɗaure kayan. Baba na zaune a kan buzu da buta a gefensa, bai ko ɗaga kai ba, don shi ma ransa ba daɗi.

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba... ban taɓa yi maka musu ba."

"Ke! Ina kunyarki?" Kaka ta daka mata tsawa.

Ba ta waiwaya ba. Ta miƙa hannu ta ɓalli baƙin dunƙulen nan, ta jefa a baki.

"Wayyo Allah, ta ci! Arzika, ta ci! A kawo tsamiya!"

Munawwara ta tauna ta haɗiye. Sannan ta buɗe 'yar kular ta fito da ɗayar, sanyi ƙalau cikin takardarta mai ruwan zinariya, ta ajiye kusa da dunƙulen.

"Baba, kai ka rarrabe goron jiya da na bara da haƙori ɗaya. Ɗanɗana su biyun. In ba abu guda ba na, ni da kaina za ni ɗauki kayan in maida."

Baba ya dube ta, ya dubi uwarsa. Tunda yake bai taɓa tsallake maganarta ba. Ya yi bismilla, ya ɓalli ta takardar da farce kamar yadda yake ɓantarar goro, ya tauna a hankali. Ya ɓalli dunƙulen, ya tauna. Ya kurɓi ruwa, ya rufe ido.



"Guda na," ya ce. Idonsa na rufe har yanzu. "Ɗaci gaba, daɗi baya. Mi a sunanta?"

"Shokola, Baba. Marar sukari sosai. Don kai yas sayo ta... ya tambayi likitanka."

"Wa yab ba shi labarin ciwona?"

"Ni."

"Tun daga Kwatano?"

"Cikin ƙanƙara, Baba."

Baba Arzika ya kawar da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Munawwara ta ga ƙwalla a idonsa, ta yi kamar ba ta gani ba.

"Ɗan'iya, kwance kayan nan."

Kaka dai ba ta saba faɗuwa ƙasa babu kokawa ba. Ta ɗauki ƙyallen tana juyawa tana neman abin cewa, sai ta kai shi kusa da ido, ta saki baki.

"Tsaya... wanga ai irin zanen da ke jikin Zuwaira na ɗazu! Ragowar ɗinkinta! Lalle, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ina mayahina? Yau sai unguwarsu ta ji ni!"

Munawwara ta riƙe mata ƙafa.

"Kaka, don Allah ki ruhwa mata asiri. Tun suna ƙanana take son shi, shi ko bai sani ba. Ni ɗazu na ɗanɗana rasa shi na rabin yini, na ji yadda yake."

Kaka ta harare ta, ta yi ƙwafa, ta koma ta zauna. Can kuma ta miƙo hannu.

"To, ba ni ta takardar in ji. Wataƙila ɗazu bakina na."

Zuwaira ta zo da kanta bayan kwana uku, idanu a kumbure, ta tsaya bakin duro. Munawwara ta miƙa mata kwano da ƙwai ta ce ta taya ta kaɗawa. Suka yi ta aiki, har sai da gaton farko ya fito sannan Zuwaira ta ce, "Ki yahe mini," ta kuma ji an ce mata, "Ya wuce."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba Arzika ya sha farar shadda sabuwa dal, ya zauna cikin jama'a tun hantsi har rana ta take tsaka. Da ya shigo gida yi wa amarya nasiha, Munawwara ta ɗago kai daga lulluɓi, sai ta ga wani ƙaton baƙin tabo ya mamaye masa aljihun gaba.

"Baba! Rigarka!"

Ya duba, ya sa hannu a aljihu, ya fito da yatsu duk sun yi dumu-dumu. Ashe ragowar shokolar surukinsa ce, da yake ta lallaɓawa ɗan kaɗan-kaɗan a firigon maƙwabta. Yau don murna ya jefa ta a aljihu, inda ya saba ajiye goronsa shekara talatin.

Mata suka kwashe da dariya, Kaka har da riƙe ciki tana cewa a kawo masa wata riga.

Baba ya lashe yatsansa, ya girgiza kai.

"A bar ta. Ɗana yab ba ni."

Munawwara ta ja mayafinta ta rufe fuska. Duk kukan da 'yan biki suka yi ta jira tun safe ba ta yi ba, sai a lokacin ya zo.